Yadda Ake Rubuta Kashin Ƙarshe na Zangon Shirin Lauyoyi

Shirin lauyoyi mai dogon zango, wanda ya haɗa shari'a da barkwanci da soyayya, yana da wuri ɗaya da ya fi kayar da marubuta, wato kashin ƙarshe na zango. Kashi goma sha biyu za su tafi lafiya lau, ana dariya, ana ɗokin mako ya zagayo, sai a zo na sha uku a rasa yadda za a sauka. A nan ne ake jefo hatsarin mota, ko a kwantar da jaruma a asibiti, ko wani kawu ya faɗo daga Legas riƙe da wasiyyar da ba wanda ya taɓa jin labarinta. Zangon shiri kuwa kamar adashi yake. Kowane mako mai kallo yana zuba lokacinsa da datarsa, kashin ƙarshe shi ne ranar kwasarsa. In ya zo kwasa ka miƙa masa abin da ba shi ya zuba ba, ba zai sake shiga da kai ba.

Ga hanyar da nake ganin ta fi ɓullewa idan jigon kashin rabuwar masoya ne da sauyin rayuwa. Na ajiye labarin a Zariya domin garin yana da duk kayan aikin. Akwai Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo tare da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci, akwai kotunan shari'ar Musulunci da na majistare da Babbar Kotun jiha, akwai ofisoshin lauyoyi a benayen Sabon Gari, ga kuma tsofaffin zaurukan cikin birni inda ake ɗaura aure kuma ake warware shi.

Misalin da za mu riƙa komawa gare shi: jarumarmu matashiyar lauya ce da ta yi karatu a Kongo, tana aiki ƙarƙashin wani tsohon lauya a Sabon Gari. Saurayinta ma lauya ne, amma a wani ofishin. An sa musu rana, har an kawo lefe.

Mataki na 1: Lissafa bashin da ake binka

Kafin ka rubuta ko da kalma ɗaya, koma ka kalli zangon tun daga kashi na farko, da biro da takarda a hannu. Kada ka dogara da rubutun da ke kwamfutarka, domin abin da aka haska shi mai kallo ya sani, kuma sau da yawa darakta da mai tace hoto sun yanke wani abu ko sun ƙara. Rubuta duk alkawarin da shirin ya ɗauka: sirrin da wani ya ji bai faɗa ba, bashin da aka ci, kallon da kyamara ta tsaya a kai fiye da kima, barkwancin da aka maimaita har ya zama na gida. Sai ka raba su gida uku. Akwai waɗanda dole a biya yanzu, akwai waɗanda za su iya jiran zango na gaba, akwai waɗanda ba wanda zai tuna. Na farkon kada su wuce uku ko huɗu. Dokar wannan kashi ita ce ba a shigo da baƙo. Duk mutumin da zai yi tasiri a ƙarshe, da duk takardar da za ta juya shari'a, sai an riga an gan su a baya.

Mataki na 2: Je kotu ka zauna

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya sa kotunan finafinanmu da yawa suke kama da na Amurka da aka sa wa hula. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a sai dai in alƙali ya ba da umarnin akasin haka. Ka yi shiga ta mutunci, ka kashe waya, ka zauna a bencin baya. Ba a ɗaukar hoto ko murya ba tare da izini ba, don haka idonka da kunnenka da ɗan littafinka su ne kayan aikinka.

Abin da za ka fara lura da shi: a Najeriya babu ayarin mutanen gari da ake zaunarwa gefe su yanke hukunci. Alƙali ne ke saurare, shi ke hukunci. Saboda haka lauyan da ke zagaya ɗaki yana ɗaga murya don ya motsa zukatan jama'a ba namu ba ne. Namu yana tsaye a wurinsa, fuskarsa na wajen alƙali. A kotuna da yawa kuma alƙali da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa, shi ya sa lauya kan yi jimla ɗaya ya dakata, idonsa a kan alƙalamin alƙali, sai ya ga ya tsaya sannan ya ci gaba. Wannan shirun dukiya ce ga marubuci. Ka yi tunanin an faɗi maganar da ta soki jarumarka, ba ta da damar amsawa, ɗakin ya yi tsit, ba a jin komai sai tafiyar biro a kan takarda da kukan fanka, kyamara kuwa tana kan fuskarta. Babu kiɗan da zai yi maka wannan aikin.

Sai ka tantance wace kotu ce taka, domin kowace da shigarta da harshenta. Hular gashi da baƙar alkyabba na Babbar Kotu ne zuwa sama. A gaban majistare ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci lauya ba ya sa su, kwat ɗinsa mai duhu ya isa. Lauya mace Musulma tana iya bayyana da hijabinta, kuma tun 2018 aka amince a rantsar da sababbin lauyoyi mata da shi. A Babbar Kotu da Turanci ake magana, tafinta na juyawa ga wanda ba ya ji. A kotun shari'ar Musulunci ta Zariya kuwa Hausa za ka ji, da "Allah gafarta Malam" da "Ya Mai Shari'a", da sunayen littattafan mazhabar Malikiyya irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Jihar Kaduna ta kafa kotunan shari'ar Musulunci a tsarinsu na yanzu a 2001. Ƙarar aure da gado da riƙon yara tsakanin Musulmi can take zuwa, kuma wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kaduna, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli.

Ka saurari abubuwa biyu musamman. Na farko, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Na biyu, i'izari: kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana ko hujja. In aka tsallake wannan, kotun sama na iya rushe hukuncin gaba ɗaya. Shari'a da kanta ta tanadar maka lokacin da za a ce wa mutum "kana da sauran magana?" a gaban kowa. Marubucin da ya san wannan ba ya bukatar wani ya banko ƙofa da gudu yana ihu a dakata.

Mataki na 3: Zaɓi shari'ar da ke yi wa jaruma tambayar da take gudu

A sauran kashi-kashi shari'ar mako na iya zama ta akuyar da ta ci shukar maƙwabci, ko ta tela da ya ɓata ɗinkin salla. A kashin ƙarshe dole tambayar da ke gaban alƙali ta zama ita ce tambayar da ke cin zuciyar jarumarka, ko da ita ba ta gane ba tukuna.

A misalinmu, wata mata mai sana'ar ɗinki, uwar 'ya'ya uku, ta zo neman khul'i. Ka san hukuncinsa sosai kafin ka taɓa shi. Khul'i shi ne mace ta fanshi kanta da wani abu da za ta ba mijin, galibi sadakin da ya biya, asalinsa kuma yana cikin Suratul Baƙara aya ta 229. A mazhabar Malikiyya ya halatta a daidaita a kan abin da ya fi sadakin in ɓangarorin biyu sun yarda. In kuwa matar ta tabbatar da cutarwa da shaidu, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Kafin a kai nan, akan nemi sulhu, har a naɗa masu sasantawa biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni. Sakin khul'i kuma ba shi da kome. Miji ba zai wayi gari cikin idda ya ce ya mayar da ita ba, sai da sabon ɗaurin aure da yardarta.

Kada ka mayar da mijin azzalumi mai duka da zagi. Wannan hanya ce mai sauƙi, amma tana kashe labarin, don kowa ya san inda zai tsaya tun minti na biyar. Ka bar shi mutumin kirki a idon unguwa, mai ciyarwa, mai zuwa jam'i, wanda dai bai taɓa ɗaukar maganar matarsa a bakin komai ba, kuma duk abin da ta faɗa masa cikin amana yana iya zama makami a hannunsa ranar faɗa. Babu tabon da za ta nuna wa alƙali, shi ya sa take neman fansar kanta. Tambayar ta fito ke nan: in an rasa amana, ko da ba a rasa komai ba, zama zai yiwu? Lauyan mijin kuma shi ne saurayin jarumarmu. Ka lura, ofishi ɗaya ba ya tsaya wa ɓangarori biyu a ƙara ɗaya, dalilin da ya sa tun farko muka raba musu wurin aiki.

Mataki na 4: Rabuwar ta fito daga hannunsu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake roƙon marubuta su daɗe. Rabuwar da uwa ta tilasta, ko wadda asiri ya jawo, ko wadda makircin wata ƙawa ya haddasa, tana ba mai kallo haushi ne kawai, kuma ya san da zarar gaskiya ta fito za a shirya. Wadda ke bin mutum har makwancinsa ita ce wadda masoyan biyu suka ƙulla da kansu, kowannensu da hujjar da za a iya saurara.

A kashi na goma, a ce, ana zance a zauren gidansu bayan isha'i, jarumarmu ta yi suɓul da baka. Cikin yabon ƙoƙarin matar da take karewa, ta ce ai har ɗan fili ta saya a wajen Dakace da kuɗin ɗinkinta, mijin ma bai sani ba. Filin halal ɗinta ne, domin dukiyar mace tata ce a shari'a. Amma sirri ne na wadda ta ba ta amana, kuma ƙa'idojin aikin lauya sun hana fitar da shi, har akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke iya dakatar da mutum ko ya soke sunansa. Mai kallo ya ji maganar ta wuce cikin raha, ya manta. A kashin ƙarshe, ana tsakiyar ciniki a kan abin da za a biya, sai saurayin ya miƙe ya ce, Allah gafarta Malam, wanda yake karewa ya yarda ya yi khul'i, amma a kan filin Dakace.

Ka ga kowa yana da laifi, kowa kuma yana da abin faɗa. Ita ta saki abin da bai kamata ta saki ba. Shi ya ɗauki abin da aka ba shi a matsayin miji na gobe, ya yi aiki da shi a matsayin lauya na yau.

Fitowar rabuwar kanta ka rubuta ta gajeriya, a wurin da aka fara ɓarnar, wato zauren. Mutanenmu ba sa bayyana ciwonsu da dogon jawabi, musamman 'yar gidan mutunci da ta san ƙannenta na iya jiyo ta daga tsakar gida. Wani abu kamar haka ya isa, saurayin ne ya fara magana:

"Barista, aikina na yi. Amanar mutumin nan tana wuyana."

"Na sani. Tawa amanar ni na ci, a kan tabarmar nan."

"To ai kin gani. Mu bar maganar kotu a kotu."

"Da a ce ni ce matar, kai ne mijin, me za ka ajiye bayan ƙofa ba ka shiga da shi gaban alƙali ba?"

Ya yi shiru. Ta jawo tiren da ta kawo, ta mayar da murfin kwanon da bai taɓa ba. "Baba zai aiko a yi magana da su Kawu. Allah ya huta gajiya."

Kada ta yi kuka a gabansa, kada a saka waƙa a nan. In za ka sa hawaye, ka adana su zuwa wata fitowa da ba a zata ba, kuma ka ba wa wani dabam ya fara.

Akwai fitowar da ta fi wannan nauyi, wadda marubuci mai gaggawa zai manta da ita: jarumar ta je gidan matar da ta cutar. Dole ta faɗa da bakinta. "Yaya, maganar filin nan daga wurina ta fita." Matar tana kan keke, ba ta ɗago ba, ta ce, "Na sani, Barista. Ai ke kaɗai na faɗa wa." In ka cire wannan, ka wanke jarumarka da ruwan da ba ta biya ba, mai kallo kuma zai ji a jikinsa.

Mataki na 5: Kada dariya ta gudu

Mutane sun zo shirinka ne don suna dariya. In kashin ƙarshe ya zama zaman makoki daga farko har ƙarshe, ka sauya musu shiri ba da shawararsu ba. Abin da ke sauyawa shi ne mazaunin dariyar. Ta tashi daga kan manyan jarumai ta koma kan na gefe: masinjan ofis da ya ɗauki kansa rabin lauya yana ba masu jira fatawa a baranda, shaidan da aka tambaye shi ranar da abu ya faru ya faro daga shekarar da aka yi fari, mai abincin bakin kotu da ta riga kowa sanin yadda hukunci zai kaya.

Wuri mafi albarka a misalinmu shi ne mayar da lefe. Gwaggo ta zauna a tsakar ɗaki da takardar lissafi, an buɗe akwatuna, ana ƙirga turamen atamfa da leshi da mayafai. Turmi ɗaya ya ɓace. Bincike ya nuna wata ƙanwa ta riga ta kai wa tela. An fasa kwalbar turare ɗaya, kowa na rantsuwa ba shi ba ne. Gwaggo na ta faɗa tana cewa ba za a ce gidansu an ci kayan mutane ba, a je kasuwar Sabon Gari yanzu a nemo irinsa. Mai kallo na dariya. Sai Gwaggo ta ɗago takalmin amarya, ta juya shi a hannu, faɗan ya tsaya mata a wuya. Ita ce za ta fara hawayen. Dariya da kuka a fitowa ɗaya, kuma ba wanda ya yi jawabi.

Iyaka biyu: ba a mayar da alƙali abin wasa, ba a yin barkwanci da hukuncin addini. Haka nan matar da ke neman khul'i ba abin dariya ba ce ko sau ɗaya.

Mataki na 6: Jera fitowa da mintuna

A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. In tashar ta ba ka awa ɗaya, ka tambayi mintunan da talla za ta ci da wuraren da za a tsaya, ka rubuta daidai da su. Ga kimanin yadda zan raba minti 45. Biyar na farko na raha ne, shirye-shiryen biki, ofis ya cika da zancen anko. Daga nan zuwa minti na 18 kotu ce, ta ƙare da maganar filin, a tafi talla a kan fuskar jaruma. Tsakiyar ta ɗauki zuwa gidan mai ɗinki, da fuskantar Oga, wato tsohon lauyan da take aiki ƙarƙashinsa, a ofis, da zauren. Zama na biyu a kotu ya zo wajen minti na 32. Ragowar na lefe ne da sauyi.

A wannan zama na biyu kada ka ba jarumarka wata dabarar da za ta goge kuskurenta. Ta shirya ta yi jayayya, ta nemi a tsaya a kan sadaki kawai, tana da hujjojinta. Amma da alƙali ya tambayi matar ko tana da magana, sai ta miƙe ta ce, Allah gafarta Malam, ta gaji da ɗage zama, mijin ya ɗauki filin, a sallame ta yau. Alƙali ya sake tambayarta ko da yardarta ba tilas, ta tabbatar, ya rubuta. Ta samu abin da ta zo nema, ta rasa gumin shekaru, kuma jarumarmu ta san dalilin. Daga bakin wannan mata ta koyi cewa fita na da tsada, kuma akwai masu biya da idonsu a buɗe. Saboda haka in kana so, kana iya jinkirta fitowar zauren zuwa bayan hukuncin. Ka gwada jerin biyu a katunan takarda a kan tabarma ka ga wanda ya fi ciwo. Ni na fi son zauren ya biyo bayan hukunci.

Mataki na 7: Sauyin da ba a iya mayarwa

In zango na gaba zai buɗe kowa yana kujerarsa ta da, to ba a yi komai ba. Ka sauya abin da ido ke gani. Jarumar ta ajiye aiki a ofishin Oga, ta kama ɗan shago a Tudun Wada, teburi ɗaya da benci ɗaya, masinjan nan ya biyo ta ba tare da an gayyace shi ba. Ko Oga ya kira ta ya ce, "'Yata, ba zan kai ki gaba ba, amma ba zan sake ba ki fayil ba sai na ga abin da kika yi wa matar nan." Sai ta fara biyan kuɗin filin daga aljihunta, kaɗan-kaɗan.

Ƙofa ɗaya tak za ka bari a buɗe, kuma ta fito daga shari'ar. Khul'i ya raba aure, bai yanke maganar yara ba. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke kan gaba wajen riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba, sai dai riƙon na iya barin hannun uwa da wasu dalilai, ciki har da sabon aurenta. Sammacin neman karɓar yara ya iso sabon ofishin, da sa hannun lauyan da muka sani. Wannan ya isa ya dawo da mai kallo. Bindiga da aka harba cikin duhu, ko waya da ta yi ƙara aka ce "Innalillahi" aka yanke, dabaru ne da aka gaji da su, kuma in kuɗin zango na biyu bai samu ba, ka bar mutane da labari marar ƙarshe.

Mataki na 8: Ba masana su duba, a karanta da murya

Ka kai rubutun wa lauya mai zuwa kotu kullum, ba wanda ya bar aikin ya koma kasuwanci ba. Ƙungiyar lauyoyi tana da reshe a Zariya, kuma malaman Kongo da ɗalibansu na ajin ƙarshe na iya nuna maka inda ka kauce. Ɓangaren khul'i da idda da riƙo kuma malamin fiƙihu ya gani. Ka roƙe su su nuna kuskure kawai, gyaran labarin naka ne.

Sai a zauna da 'yan wasa a karanta daga farko zuwa ƙarshe, da agogo a gefe. Sashen wasan kwaikwayo na jami'ar a Samaru cike yake da matasa masu kunne. Duk layin da ɗan wasa ya yi tuntuɓe a kai sau biyu, layin ne ke da matsala. Ka saurari harshen kuma. Gwaggon cikin birnin Zazzau ba ta magana kamar 'yar Kano, kuma lauyoyi matasa na cakuɗa Hausa da Turanci a ofis amma su gyara harshe a gaban alƙali da gaban iyaye. Ka ajiye lokacin tacewa cikin jadawalinka: hukumar tace finafinai ta ƙasa tana nan tun 1993, ta Jihar Kano tun 2001, kuma in shirinka zai bi ta kasuwar Kano ko 'yan wasanka masu rajista ne a can, ka nemi ƙa'idojinsu tun kafin ɗauka.

Mataki na 9: Ranar ɗauka

Ba lallai a ba ka ɗakin kotu na gaske ba, kuma in za ka nema, ta hannun magatakarda da rubutacciyar takarda ake bi. Ajin makaranta ko ƙaramin zauren taro ya wadatar in aka ɗaga teburin alƙali a kan dandamali, aka jera benci, aka tara fayiloli masu ɗaurin zare. Kada ka sa sunan wata kotu ta gaske ko wani ofishin lauya na gaske a allo.

Sauti ne zai ba ka wahala a Zariya. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana garin tun 1964, ƙananan jiragen ɗalibai na shawagi da rana, musamman ta wajen Palladan da Samaru, ga babura, ga janareto. Fitowar zaure da ta gidan mai ɗinki, waɗanda shiru ne jarinsu, a ɗauke su da dare ko da sassafe, a kuma tsara hutu daidai lokutan salla. A ɗauki fitowar rabuwar tun 'yan wasa ba su gaji ba, kada a bar ta zuwa ƙarshen yini don gajeriya ce. Mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada kaya da wuri su sauya tsakanin fitowa da fitowa, ya ɗauki hoton sabon ofishin ta kowace kusurwa, da kayan da kowa ya sa, da sammacin da aka nuna, domin daga nan zango na biyu zai tashi, wataƙila bayan wata shida. Mai shiryawa kuma ya kammala yarjejeniya a rubuce da jarumar, da saurayin, da mai ɗinki, da masinja kafin a haska kashin, tun da su huɗun ne ƙofar da ka bari a buɗe ta rataya a kansu.